Kwana uku a gindin dutsen Kamakya

A jikin bango na fara gamuwa da kalmar, a Delhi. Duk wanda ya taɓa ratsa unguwannin da ke bayan tashar jirgin ƙasa ya san 'yan takardun nan da ake liƙawa a katanga da turakun lantarki, ɗauke da laƙabin wani Baba da lambar wayarsa. Ba na karanta Hindi, sai abokin karatuna, ɗan jihar Asam, ya fassara mini wata: miji ya juya baya, kishiya ta hana sakat, aure ya ƙi zuwa, shari'a ta ƙi ƙarewa, kasuwa ta tsaya, duk a zo a warware cikin 'yan kwanaki. Na ce ashe har nan akwai bokaye. Ya ce tantirik ake ce musu. Sai na fashe da dariya, na gaya masa abin da tantiri yake nufi a Hausa.

Shi bai dara ba. Ya ce kawunsa ma tantirik ne, ya yi shekara 30 da ɗoriya yana koyar da Sanskirit, tsohon harshen littattafan addinin Hindu, a makaranta, bai taɓa liƙa takarda a bangon kowa ba, kuma bai taɓa karɓar sisin kowa ba. In ina son sanin abin da kalmar take nufi, in biyo shi gida hutun Disamba. Kunya ce ta sa na amsa, da kuma son ganin gari.

Jirgin Rajdhani yana cin wajen awa 27 zuwa 28 daga Delhi zuwa Guwahati, namu kuwa hazon hunturu ya ƙara masa wasu. Mun ratsa Uttar Pradesh da Bihar, muka bi ta wani siririn zirin ƙasa kusa da Siliguri, tsakanin Nepal da Bangladesh, wanda faɗinsa a wani wuri bai wuce kilomita 22 ba. Wuyan kaza suke ce masa, kuma ta nan kaɗai arewa maso gabashin Indiya ke haɗe da sauran ƙasar. Dab da isowa muka hau gadar Saraighat, wadda aka buɗe a 1962, na leƙa ta taga na ga kogin Barahmaputra. Na sha ƙetare Kwara a Jebba, amma wannan ruwan ya sa na yi shiru, sai ga abokina yana cewa ai nan ne ma inda ya fi matsewa. Ya nuna mini wani dutse mai duhun itatuwa a ɗaya gaɓar. Nilacal ke nan, a kansa haikalin Kamakya yake, wata abar bautar Hindu da suke kira Uwa.

A ƙofar gida aka rataya mini gamosa a wuya, wani farin ƙyalle mai jan baki da suke karrama baƙo da shi, aka miƙo tamul a farantin tagulla, wato ƙwallon wani irin giginya da ake haɗawa da ganye da ɗan farar ƙasa a tauna. Goronsu ke nan. Na tauna don kara, kaina ya yi ta juyawa har na nemi kujera. Ina cikin wannan hali na ji abokina ya dubi wani dattijo mai furfura da tabarau ya ce masa "Mama". Ashe haka suke kiran ɗan'uwan uwa. Ni ma Mama na riƙa ce masa har na bar garin, ina danne dariya duk lokacin da na faɗa. Shi kuma bopa yake ce mini, kamar a ce ɗana.

Indiya duka agogo ɗaya take bi, don haka a Asam gari yana wayewa da wuri, magariba kuma tana yi wajen ƙarfe huɗu da rabi a wannan watan. Na tashi sallar asuba na tarar dattijon ya riga ni. Ƙofar ɗakin bautarsa a buɗe take, ya yi mini alama cewa ina iya tsayawa daga bakin ƙofa. Ban ga ƙoƙon kan mutum ba, ban ga baƙar kaza ba. Mutum na gani zaune ya tanƙwashe ƙafafu, gabansa fitilar mai da jan fure da wani ɗan farantin jan ƙarfe mai zane. Ya daɗe yana jan numfashi ta hanci ɗaya yana saki ta ɗayan. Daga nan ya shiga taɓa jikinsa da yatsu, goshi, maƙogwaro, ƙirji, kafaɗu, cibiya, yana motsa leɓe a kowane wuri. Sannan ya zura hannu cikin wata 'yar jaka ya kama jan carbi mai ƙwaya 108. Na je na yi sallata, na dawo, na sake komawa, yana nan inda yake. Ya fi awa biyu.

Wajen shan shayi na tambaye shi mene ne tantara, wato hanyar da tantirik ke bi. Malami ne, sai ya fara daga tushen kalma. Tan a Sanskirit shi ne a miƙe abu ko a shimfiɗa shi, tantara kuwa asali zaren tsaye ne da masaƙi ke ɗaurawa kafin ya fara jefa ƙoshiya. Daga nan aka ari kalmar aka ba wa littafin da ke tsara aiki daki-daki. Littattafan da ake kira Tantara sun fara bayyana tun wajen ƙarni na 5 zuwa na 6, akasarinsu hira ce tsakanin Shiba, ɗaya daga manyan allolin Hindu, da matarsa, ita tana tambaya shi yana amsawa. Sun bunƙasa ƙwarai tsakanin ƙarni na 8 da na 12, suka shiga addinin Buda suka haura Tibet, suka kai har Jawa da Kambodiya da Japan. Kuma sun zo da abin da tsohon tsarin Beda, wato littattafan Hindu na farko, bai yarda da shi ba, domin a can karatun littafi mai tsarki na maza ne 'yan manyan dangi, a nan kuwa mace da ɗan ƙasƙantaccen dangi suna iya shiga, muddin malami ya karɓe su.

Wannan karɓar, diksha, ita ce ƙofa. Ya ce ko ka haddace littattafan duka, in ba guru, wato malaminka, ne ya raɗa maka mantara a kunne ba, magana kawai kake yi da iska. Mantara wasu 'yan gaɓoɓin sauti ne, wani lokaci gaɓa ɗaya tak kamar hirim ko kirim, waɗanda ba su da ma'ana a ƙamus, amma su a wurinsu sautin shi ne jikin abar bautar. Na ce to mene ne nasa. Ya yi murmushi ya ce matarsa ma shekara 40 suna tare ba ta sani ba. Ba zan ɓoye ba, zancen malami da izini da jerin waɗanda suka karɓa daga waɗanda suka karɓa ya tuna mini da mutanen ɗariƙa a gida da wuridinsu da silsilarsu. Kamar a siffa take kawai, amma ita ta sa na gane tsarin da sauri.

Abin da ya fi tsayawa a kai shi ne Shiba da Shakti. A fahimtarsu, gaskiya guda ce mai fuska biyu. Shiba shi ne sani tsantsa, wanda ba ya motsi. Shakti ita ce ƙarfin da ke motsi, ita ce ke zama ruwa da wuta da yunwa da tunani da haihuwa da mutuwa. Suna da wata magana ta wasa da harafi: Shiba in babu Shakti shaba ne, wato gawa. Shi ya sa ake zana Kali, ɗaya daga siffofin Shakti, tsaye a kan ƙirjin mijinta Shiba yana kwance. To akwai manyan malaman Hindu da suka koyar da cewa duniya ruɗi ce, jiki ƙazanta ne, mai son tsira ya bar gida da mata da dukiya ya shiga daji. Mutanen tantara suka ce a'a. In duniya Shakti ce da kanta, ina za ka gudu ka bar ta, kuma me ya sa? Ya ɗora tafin hannunsa a kan tabarma ya ce, "Bopa, wanda ya faɗi ƙasa, ƙasar zai dafa ya tashi."

Daga nan manufar take fitowa, kuma kalmomi biyu ne masu amo ɗaya, bukti da mukti. Bukti jin daɗin duniya ne da iko a cikinta. Mukti kuɓuta ce daga zagayen mutuwa da sake haihuwa da suka yi imani da shi. Sauran hanyoyi suna cewa zaɓi ɗaya, tantara tana alkawarin duka biyun, kuma tun mutum yana raye da jikinsa. Taɓe-taɓen da na ga yana yi da asuba niyasa ake ce masa, yana dasa sautukan ne a gaɓoɓinsa har jikin ya zama mazaunin abar bautar, domin ƙa'idarsu ita ce sai ka zama ita kafin ka bauta mata. Farantin nan mai zane kuwa yantara ne. Nasa Siri Yantara ne, alwatika tara da suka sarƙe da juna, huɗu suna kallon sama biyar suna kallon ƙasa, suka haifar da ƙananan alwatika 43 kewaye da ɗigo ɗaya a tsakiya. Mai bauta yana bi da zuciyarsa daga waje zuwa ciki har ya kai ɗigon, inda biyun suke komawa ɗaya. Haka ma zancen kundalini, ƙarfin da suke cewa yana naɗe kamar macijiya a gindin ƙashin baya, wanda ake tasowa da numfashi da mantara ya ratsa cibiyoyi shida da ake kira cakara har ya kai tsakar ka. Hanya ɗaya ce ake bi, sau ɗaya a kan faranti, sau ɗaya a cikin jiki.

Washegari muka hau dutsen. Mota ce ke kai mutum ta hanya mai lanƙwasa, sannan a sauka a ratsa layin shaguna masu sayar da jan fure da jan ƙyalle da kwakwa da turaren tsinke. A bakin ƙofa kowa ya tuɓe takalmi. Daɓen dutse ne, ga sanyin Disamba, ga kashin tattabaru. Ja ne ya rinjayi wurin: masu hidima da ake kira panda sanye da ja, gumakan da aka sassaƙa a bango an shafe su da jan gari har ba ka gane fuskarsu, tattabarun da aka saki bayan bakance ma da ja a fikafikansu. Ƙubbar haikalin kamar amya take a kife. Ginin da ke tsaye yanzu Sarki Nara Narayan na daular Koch da ƙanensa Cilarai ne suka sake tayar da shi a 1565, a kan harsashin wani tsoho da ya rushe, wanda duwatsunsa suka girme shi da ƙarnuka.

Labarin wurin kamar tatsuniya yake. Sati matar Shiba ta je bikin hadaya a gidan ubanta Daksha ba a gayyace su ba, uban ya ci mutuncin mijinta a bainar jama'a, ta kashe kanta don baƙin ciki. Shiba ya saɓa gawar a kafaɗa ya shiga yawo da ita kamar zai rushe duniya, sai Bishnu, wani daga manyan allolinsu, ya bi shi yana yanka gawar gunduwa-gunduwa. Duk inda gaɓa ta faɗi ya zama wurin bauta, galibi ana ƙirga 51. A Nilacal, in ji su, al'aurarta ce ta faɗi. Don haka babu gunki a can ƙuryar. Matakala ce ke gangarawa cikin kogo mai duhu, a ƙasa akwai tsagar dutse da ruwan maɓuɓɓuga ke jiƙawa kullum, an lulluɓe da jan ƙyalle da fure. Kowace shekara a ƙarshen watan Yuni, da saukar damina, ana rufe haikalin kwana uku ana cewa Uwar tana al'ada. Manoma ba sa huɗa a kwanakin. Rana ta huɗu a buɗe, dubun dubatar mutane su yi ta turereniya don samun ɗan yankin jan ƙyalle. Ambubaci ake kiran bikin. A ƙasar da mai haila ba ta shiga yawancin wuraren bauta, nan hailar ce ake taruwa dominta.

Abokina ya shiga layi, wani dogon lungu mai shingen ƙarfe kamar na shanu a kara. Ni na ce iyakata tsakar gida, domin wanda ya sauka kogon sai ya durƙusa ya taɓa ruwan, kuma ni goshina wuri ɗaya yake sauka. Mama bai nuna ko a fuska ba. Ya ce shi ma gwiwoyinsa sun gaji da matakalar, ya ja ni muka zagaya. A kan dutsen akwai wuraren bautar siffofi goma na Uwar, waɗanda ake kira Mahabidiya, uku a cikin babban haikalin, bakwai a kewaye. Akwai Kamala mai kyau da arziki. Akwai Dumabati, tsohuwar gwauruwa mai hankaka. Akwai Matangi da ake kai wa ragowar abinci. Akwai Cinnamasta, wadda ta sare kanta ta riƙe a hannu, jini yana fita layi uku, biyu zuwa bakin masu yi mata hidima, ɗaya zuwa bakin nata kan. Na kawar da ido. Ya ce to ka gani, abin da ake so ke nan, mutum ya duba abin da yake gudu har ya daina rarraba duniya gida biyu, nan tsarki can ƙazanta.

Mun wuce rumfar yanka. Bunsuru ake kawowa, wani lokaci ɓauna, maza kaɗai, a wanke dabba a sa mata fure, a sare kai da sara ɗaya. Na taso ina riƙe ƙafar rago ranar layya, jini ba ya ba ni tsoro, amma na tsaya nesa.

A kan wani dakali, muna shan shayi mai madara, na yi tambayar da ke cina tun Delhi. Na ce Mama, abin da intanet ke nunawa in ka rubuta kalmar nan fa? Ya yi tsaki irin na malamin da ya sha jin tambaya ɗaya. Ya ce akwai abubuwa biyar da sunansu ke farawa da harafin ma: giya, nama, kifi, soyayyen hatsi, da saduwa. Gaskiya ne suna cikin littattafai, kuma gaskiya ne akwai waɗanda suke aikata su a zahiri cikin da'ira ta sirri, su ne 'yan hanyar hagu. Hikimar, in ji shi, Brahmin, ɗan dangin malaman addini, da ya tashi yana ƙyamar ko inuwar nama, in aka sa shi ya ci a gaban malaminsa yana riƙe da mantara, abin da ake karyawa tsoronsa ne da girman kansa na cewa shi mai tsarki ne. 'Yan hanyar dama, irinsa, musanyawa suke yi, ruwan kwakwa a madadin giya, citta ko makamancinta a madadin nama, saduwar kuma ta Shiba da Shakti ce a cikin zuzzurfan tunani. Littattafan ma sun kasa mutane uku, mai halin dabba da jarumi da mai halin alloli, suka haramta wa na farko kusantar abubuwan. Ya kawo wani baiti daga Kularnaba Tantara mai cewa da shan giya ke kai mutum ga kamala, da duk mashaya sun kai. Ya ce Turawan mulkin mallaka sun ɗauki abu na biyar suka yi ta ƙyama, jikokinsu suka ɗauki shi ɗin dai suka yi ta sayarwa. Mutum ɗaya ya ware, Sir John Woodroffe, alƙalin babbar kotun Kalkata, wanda ya zauna da malamai ya fitar da littattafai da sunan aro Arthur Avalon a farkon ƙarni na 20.

Na ce to masu takardun bango fa, ƙarya suke yi wa tantara? Nan ya ɗan yi jim. Ya ce yawancinsu 'yan damfara ne, amma ba zai ce babu tushen abin a littafi ba. Akwai ayyuka shida da aka rubuta: kwantar da cuta ko masifa, mallake zuciyar wani, daskarar da shi, raba tsakanin mutum biyu, korar mutum daga garinsa, da kisa. Yana lissafawa ina fassarawa a raina, mallaka, ɗaurin baki, farraƙu, kurciya, jifa. Ko ɗaya ban nemi ƙamus ba. Kilomita 40 daga inda muke zaune akwai ƙauyen Mayong, wanda duk Indiya ta sani da sunan garin masu asiri. Shi a ganinsa waɗannan tarkace ne da ake tsinta a hanya, wanda ya tsaya tsintarsu ba zai isa ba. Ya ambaci Abinabagupta, malamin Kashmir da ya rayu wajen shekara ta 1000, wanda ya rubuta Tantaraloka, ya ce a wurinsa ƙarshen tafiyar shi ne mutum ya gane cewa sanin da ke cikinsa shi ne Shiba tun asali, kamar wanda ya daɗe yana hira da baƙo sannan ya gane ɗan'uwansa ne.

Ban gamsu da cewa asirin tarkace ne kawai ba. Hanyar da ta yi alkawarin iko tun daga bakin ƙofa ba za ta yi mamaki ba in masu neman iko suka cika ta, kuma layin da abokina ke tsaye a ciki, na tabbata masu neman haihuwa da aiki da cin zaɓe sun ninka masu neman mukti. Amma ni ma daga ƙasar da malamin zaure da malamin tsibbu suke buɗe littafi iri ɗaya na fito, don haka ban ɗaga murya ba. Inda na tsaya na gaya masa a fili shi ne zancen zama abar bauta. Na ce a wurinmu Mahalicci daban, halitta daban, bawa ko ya kai ina bawa ne. Ya ce ya sani, ya karanta cewa malamanmu ma sun yi ta jayayya a kan maganganun Ibn Arabi. Na ce sun yi, har yanzu suna yi. Ya ƙara mana shayi.

Abokina ya fito bayan awa uku da wani abu, goshinsa ja, idonsa ya yi rau-rau, bai ce komai ba har muka sauko. Rana ta riga ta yi ƙasa a kan Barahmaputra, na roƙi direba ya tsaya a wani masallaci a cikin gari. Kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Asam Musulmi ne, ba a wahalar samun inda za a yi salla. Su biyun suka jira ni a mota.

Daren da zan tafi, ina zaune a baranda da carbina a hannu, dattijon ya zo ya zauna. Ya karɓa ya ƙirga ƙwayoyin, ya ce 99, saura tara ya kai nasa. Ya tambaye ni me nake faɗa a kai, na gaya masa, na fassara. Ya ce wa ya ba ka? Na ce mahaifina ne ya koya mini tun ina yaro. Ya gyaɗa kai, ya ce to kana da guru. Sannan ya ce, "Kullum kake yi, bopa? Ba fashi?"

Na buɗe baki, sai na tuna watannin jarrabawa, da asubahin da na sha makara a ɗakin kwanan ɗalibai, da carbin da yakan yi mako a aljihun jaka. Na ce ina dai ƙoƙari. Ya miƙo mini abina, ya ce shi tun ranar da aka raɗa masa nasa, sau biyu ya yi fashi, ranar da aka yi masa aiki a asibiti da washegarinta. Daga ciki matarsa ta ƙwala kira, wai in zo in ga ko pitar da ta ƙunsa mini, wainar shinkafa mai riɗi da mazarƙwaila, za ta ishe ni har Delhi.